Masaukin Alheri Ya Ɓace Daga Gugul

Mordecai Ɗanladi,
Masaukin Alheri,
Unguwar Gabas, Sabon Gari, Zariya.
14 ga Oktoba, 2008.

Zuwa ga:
Malam Bernard Ayuba,
Shugaban Ƙungiyar Masu Sana'ar Kwamfuta da Intanet,
Samaru, Zariya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GYARAN DA ƊAN ƘUNGIYARKU, MISTA CORNELIUS, YA YI WA SHAFINMU NA INTANET

Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ba mai yawan magana ba ne, duk layinmu an sani. Da abin bai kai maƙura ba, da ban ɗauki biro ba.

Masaukin baƙin nan na ƙanwar mahaifina ne, Goggo Jemimah. Tun da na gama sakandare aikina ɗaya: kullum da safe in hau acaɓa zuwa kafe, wato shagon intanet, a Samaru, in buɗe imel, in amsa wa masu neman ɗaki. Shafinmu na farko wani ɗan bautar ƙasa mai suna Lanre ne ya yi shi a 2006. Ba shi da kyau, na yarda. Baƙin rubutu ne a kan fari, sai hoton gado ɗaya. Amma duk wanda ya nemi masauki a Zariya ta Gugul, mu yake fara gani. Da shi muke cika ɗakuna. Ga ƙorafina:

1. Ranar 3 ga Agusta, bayan sujada, Mista Cornelius ya gaya wa Goggo cewa shafinmu ya yi kama da katin asibiti. Ƙungiyar mawaƙan coci ɗaya suke. Nan take ta ba shi aikin. Ba a tambaye ni ba.

2. Ya ɗauke rubutunmu duka ya mai da shi hotuna masu motsi. Yanzu sunan masaukin yana juyi, sunan Zariya yana walƙiya, ga waƙar yabo tana tashi da kanta. Sai dai Gugul rubutu yake karantawa, ba ya kallon rawa. Wannan ba ilimina ba ne, Lanre ne ya yi mini bayani ta waya daga Ibadan, bayan ya gama dariya.

3. A saman shafin ya sa ƙaton hoton Goggo da gwaggwaronta na Kirsimeti. Ranka ya daɗe, kai ma kana da kafe, ka san tafiyar intanet ɗinmu. Hoton daga sama yake sauka, a hankali. Har yau ban taɓa ganin fuskarta ba. Kafin hoton ya wuce goshi, lokacin da na saya a kafe ya ƙare.

4. Wannan shi ne babba. Ya canza adireshin kowane shafi, ya goge tsofaffin, bai bar sallahu ba. Akwai shafin babban taron cocinmu da na wata ƙungiyar likitocin dabbobi, dukansu suna turo mana baƙi ta tsohon adireshi. Yanzu wanda ya bi hanyar, sai a ce masa babu wannan shafin. A kasuwar Sabon Gari, ko tela in ya tashi daga shago yakan ɗauki gawayi ya rubuta a jikin tsohuwar ƙofa inda ya koma. In bai iya rubutu ba, ya bar saƙo wurin mai shayi. Lanre ya ce intanet ma tana da irin wannan gawayin, kuma aikin bai kai shan kofin shayi ba. Mista Cornelius ya kwashe mu bai gaya wa kowa ba.

5. Ranar 22 ga Satumba na same shi a shagonsa cikin ladabi. Ya ce in yi haƙuri, Gugul zai saba da mu kamar yadda ƙafa take sabawa da sabon takalmi. Ya saya mini lemo. Na sha, na gode. Jiya na sake neman sunanmu, na bi shafi bayan shafi har mai kafe ya taɓa mini kafaɗa. Na ga mai sayar da 'yan tsaki na Dogarawa. Ban gan mu ba.

6. Imel ɗinmu yanzu fayau, in ban da wasu bayin Allah da ke sanar da ni kullum cewa na ci caca a ƙasar waje. Goggo kuwa ba ta ga laifin shafin. Ta kai 'yan zumuntar mata shagon Mista Cornelius sun gani, an yi guɗa. A ganinta, tunda shafi ya yi kyau amma baƙi sun daina zuwa, to ni ne ba na aiki. Ta yanke cewa in bikin yaye ɗalibai mai zuwa ya wuce ɗakuna ba su cika ba, zan tafi Kachia in taya kawuna haƙar citta. Har ta sayi fartanya. Tana jingine a bakin ɗakina.

Saboda haka, ina roƙon Shugaba cikin girmamawa ya kira Mista Cornelius ya umarce shi: ya maido mana da rubutu na gaske wanda Gugul zai iya karantawa, ya sa kowane tsohon adireshi ya riƙa kai mutum sabon, ya kashe waƙar, domin a kafe kowa juyowa yake ya kalle ni. Kuma a yi hakan tun iyayen ɗalibai ba su fara neman wurin kwana ba.

Ba na neman a ci masa mutunci ko a hukunta shi. Yana da basira, kuma muryarsa tana da daɗi.

Abu ɗaya na ƙarshe, ranka ya daɗe. A rage nauyin hoton Goggo, amma don Allah kada a cire shi. In aka cire, ko mun dawo na ɗaya a Gugul, citta zan haƙa.

Na gode da lokacinka. Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,

Mordecai Ɗanladi
Mai kula da imel, Masaukin Alheri, zuwa yanzu dai.