Irin Shinkafarka, Baba

Assalamu alaikum Baba, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci.

Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba. Ko da kana raye ma sai ka kira wani ya karanta maka, kana mita wai rubutuna kamar tafiyar kaza.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ka tuna fadamarka ta bayan Katuru, inda muke tsintar duwatsun kwalli muna yara? Kana alfahari da ƙasar da ke walƙiya. Ko tiya ɗaya ba ka taɓa kai shinkafarta kasuwa ba, ka ce mai kyau ta 'yan gida ce. Shi ya sa mu kaɗai muka ci ta shekara da shekaru.

Da ciwon cikin ɗiyata Ummi, mai sunan mahaifiyarka, ya ƙi jin magani, likita a Ƙaura ya tambayi abin da take ci. Na ɗebi ƙasar da shinkafar a ɓoye, ƙanen mijina ya kai jami'a aka auna. Gubar dalma ce, Baba, daga duwatsun kwallin nan. Ba wanda ya zuba ta, haka Allah ya halicci wurin, kuma shinkafa na shanye ta har cikin ƙwaya.

Sakamakon ya zo kana kwance. Ta yaya zan ce maka abin da ka tanadar mana don ƙauna shi ke cin jikarka? Da ka nemi tuwon gonarka, na tuƙa na shinkafar kasuwa na ce naka ne. Ka yi loma biyu, ka dube ni. Ka gane, ko? Ka yafe mini.

Ga labarin gida. Baffa Isa ya so a kai abin da ya rage a rumbu kasuwar Shinkafi. Na ƙi. Ya ce to a ba masu karɓar zakka, tunda yanzu hukuma ce ke tarawa. Na ce marayun ba su da ciki ne? Wata biyu bai amsa gaisuwata ba, ka san halin ƙanenka. Daga baya shi da kansa ya haƙa ramin da muka binne ta. Bana auduga ya shuka a fadamar, ba mai cin auduga.

Ummi ta yi ƙiba, ta koma makaranta, surutu kamar kakanta.

Amma ban binne duka ba. Na ware tiya biyu na irinka, dangin Inna suka shuka a fadamarsu ta Zurmi. An girbe, an auna, ta fito lafiya lau. Laifin ba na irinka ba ne, ba kuma naka ba.

Jiya na tuƙa tuwonta. Wannan karon naka ne na gaskiya, kuma Ummi ta nemi ƙari.

Sai mun iso, Baba. Allah ya sa Aljanna ce makoma.

Ɗiyarka mai taurin kai,
Hadiza