Tukunyar Giyar Baba

Guangzhou, 6 ga Yuli, 2008

Zuwa ga yayata Jumai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Kallamu da yara duka. Yaya Inna da ciwon bayan nata? Yaya damina, shuka ta kama kuwa? Ni dai lafiya lau nake, sai gajiya, ita kuwa a garin nan ba a lissafa ta cikin ciwo.

Takardarki ta iso hannuna ranar Juma'a ta hannun wani ɗan Malumfashi mai saro takalma. Kin ce tsohuwar tukunyar giyar Inna ta tsage tun daga baki har gindi, ga shi ranar ashirin ga Satumba Baba zai cika shekara da rasuwa, za a dafa masa giyar cikar shekara kamar yadda aka yi wa Kaka. Kin ce ta mayar miki da kuɗin da na aiko a saya mata ta dalma a kasuwa, wai a gidanmu babban ɗa namiji ne ke kawo tukunya, kuɗi kuwa ba su da hannu. Na ji muryarta a cikin maganar nan har na yi dariya ni kaɗai.

Yaya, kin san inda nake tsaye. Shekara tara ke nan da na musulunta, shekara tara ban kwana a gidanmu ba. Ko binne Baba ban zo ba, ina nan ina ɗaure katan-katan na takalma. Amma da burkutun Inna aka saya mini littafin farko da wandon makaranta, kuma tunda ta haife ni ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. In na ce a'a ba za ta yi faɗa ba, shiru za ta yi. Ni kuwa shirun nata nake tsoro.

To, zan saya. Sai dai abu biyu ne suka sha mini kai. Na farko, aljihu. Saboda wasannin Olimfik ɗin nan da za a yi wata mai zuwa an matsa wa baƙi lamba, kullum 'yan sanda na duba fasfo a Xiaobei, unguwar da muke zaune, masu saye sun ragu, kasuwa ta mutu murus. Yuwan ɗari shida na kuɗin ƙasar nan kawai zan iya warewa. Na biyu, hanya. Kayana duk a kwantenar maigidana Alhaji Shitu suke tafiya. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ke haɗa kayan mutum goma sha ɗaya a kwantena guda, kuma sai ya rubuta sunan kowane abu da hannunsa kafin a rufe. Ta ƙarshe kafin wasanni za ta tashi farkon Agusta. Da ya tambaye ni me zan yi da ƙatuwar tukunya, kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce yayata ce za ta fara sana'ar zoɓo. Ki yafe mini, na ɗora miki sana'ar da ba ki nema ba.

Na fara zagaya kasuwar kayan girki. Akwai masu aiki da lantarki, har da agogon auna zafi, na kalle su na wuce, don a ƙauyenmu ko fal ɗin waya babu. Akwai na tagulla masu kyau kamar a sa a ɗakin amarya, kuɗinsu ya ninka abin da ke hannuna sau biyar. Ina neman mai cin tulu shida, mai famfo a ƙasa, don Inna ta daina sunkuyawa tana kwasa da ƙwarya. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta.

Ki gaishe ta da kyau, ki gaida Kallamu da duk mutanen gida.

Ƙaninki,
Salihu

Guangzhou, 27 ga Yuli, 2008

Yaya Jumai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, yaya Inna, tana iya fita gona kuwa? Allah ya ƙara sauƙi. Wannan takardar za ta yi tsawo, ki nemi inuwa ki zauna.

Gaskiyar masu iya magana ne, ramin ƙarya ƙurarre ne. Alhaji Shitu ya ji daɗin zancen zoɓon nan fiye da yadda na so. Ya ce mace mai neman na kanta a taimaka mata, ya ajiye aikinsa ya raka ni kasuwa da kansa, tare da Munkaila, wani ɗan Maraɗi mai yi mana tafinta. Munkaila ya yi wa mai shago bayanin zoɓo, cewa ganye ne ake tafasawa cikin ruwa. Nan da nan mutumin ya sauko da wata tukunyar silba mai walƙiya, da famfonta da murfinta. Na ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, na ji ƙarar gwangwanin madara. Na san ba za ta yi ba. Ke ma kin sani, ƙullun tsiron dawa nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya, ga shi sai an dafa yau an bar shi ya yi tsami, gobe a sake dafawa. Tukunya mara kauri ƙona shi za ta yi. Amma ta yaya zan ce zoɓo na bukatar gindi mai kauri? Alhaji ya tsaya yana ciniki har gumi ya jiƙa masa hula, ya karya farashin zuwa ɗari uku da hamsin, ya juyo yana murmushi kamar wanda ya yi mini kyauta. Na biya, har da godiya.

Na ce bari dai in gwada, ko tsoro ne kawai. Na kai ta bayan gidan abincin Hajiya Balkissa, 'yar Yamai da muke cin tuwo a wurinta, na dama garin masara na ɗora a wuta. Ko awa guda ba a yi ba ƙauri ya cika wurin, gindin ya yi baƙi ƙirin ya lotsa. Hajiya ta leƙo tana fifita hanci, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin zoɓon masara ba. Mai shago kuwa da na mayar masa, hannu kawai ya kaɗa mini yana cewa meyo, wato babu. Wannan kalmar ita ce ta farko da kowane baƙo ke koya a nan.

Kwana uku ina yawo da ɗari biyu da hamsin a aljihu, ƙafafuna har sun kumbura. Ban iya yarensu ba, kuma duk inda na je da Munkaila zancen zoɓo yake yi musu, su kuma su miƙo irin ta farko. Rana ta huɗu muna tsaye a tashar jirgin ƙasa na gaji, na faɗa masa gaskiya. Na ce ni Bamaguje ne haihuwa, uwata burkutu take dafawa, tukunyar ta giyar mutuwar ubana ce. Yaya, shekara huɗu muna cin abinci kwano ɗaya da mutumin nan bai sani ba. Sai ya ce da na faɗa tun farko da ban yi asarar kuɗina ba, kuma shi tafinta ne, ba alƙali ba.

Ya kai ni wani lungu inda ake sayar da tsofaffin kayan gidajen abinci da suka rufe. Da ya yi wa tsohon da ke wurin bayani, sai fuskar tsohon ta washe. Ashe a ƙauyensu su ma suna dafa giyar shinkafa. Ya fi ni sanin abin da nake nema. Ya jawo wata tsohuwar tukunyar romo mai gindi kaurin yatsa, duk ta sha wuta, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ya nuna mini da hannu cewa famfo ba a can ƙasa ake sa shi ba, sai an ɗaga kamar taƙi guda, don ruwan ya fito ya bar tuƙar a kwance, in ba haka ba toshewa zai yi. Shi da kansa ya kai wa mai walda aka huda aka sa. Ɗari biyu da arba'in duka.

Da na kawo ta ɗaki sai ya faɗo mini a rai, wa ya san romon me aka dafa a ciki? Mutanen nan alade ne abincinsu. Na shiga bayi na yi ta dirzar ta da toka da sabulu, na ɗauraye, na sake. Can na tsaya na dubi kaina: Musulmi tsugune yana tsarkake tukunyar giya. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, sai na ci gaba da dirza.

Saura rubutun Alhaji. Zan iya sake cewa ta zoɓo ce, ta farkon ta lalace. Amma wallahi na gaji da zoɓon nan. Ki taya ni da addu'a irin taku, ni ma ina yin irin tawa.

A gaida Inna. A gaida yara.

Naki,
Salihu

Guangzhou, 20 ga Agusta, 2008

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Kallamu da yara, da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Kwantena ta tashi, tukunya ba ta ciki.

Ranar rubuta kaya na faɗa wa Alhaji Shitu komai. Na zaci zai yi faɗa, har na shirya kunnuwana. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin, ya tambaye ni shekarun Inna, ya yi mini ta'aziyyar Baba, ya ce ya ji kunya da ubana ya rasu a bara ina ƙarƙashinsa bai sani ba. Sannan ya ce ba zai iya sa ta ba. Sauran mutum goma sun ba shi amanar cewa dukiyarsu ba za ta haɗu da irin wannan ba, kuma ba zai rubuta ƙarya da hannunsa ba. Ya ce da na bar shi a kan zoɓo da ta wuce, amma yanzu ya sani. Ban ga laifinsa ba, Yaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na bi sauran masu jigila. Ta ruwa babu wadda za ta iso kafin Oktoba. Ta jirgin sama kuwa kuɗin ya fi na tukunyar sau shida, ba ni da su. Mako biyu tana zaune a tsakar ɗakina, ina kewaye ta in zan yi salla. Ko'ina a gari talabijin ce ke ihu ana gudu ana tsalle, ni kuwa ko matakalar bene da ƙyar nake hawa.

Hanya ɗaya ta rage. Ina da tikitin komowa da na saya tun farkon shekarar nan, kuma an auna tukunyar, kilo goma sha tara, ta shiga cikin nauyin da ake bai wa fasinja. Sai dai kowa a Xiaobei ya san wanda ya fita yanzu ba ya samun bizar dawowa da wuri, wasu sun ce sai bayan shekara. Kakar sayayyar ƙarshen shekara za ta wuce ni, masu saro takalma ta hannuna za su koma wurin wani, ɗan kasuwa kuwa ba ya jira. Munkaila ya ce haukata na yi, shekara huɗu na gina wuri zan bar shi saboda tsohuwar tukunyar romo. Alhaji bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Igiya kawai ya aiko mini da ita da buhuna biyu na naɗewa.

Na yi ta juya abin, na gaji da juyawa. Jiya na je ofishin jirgi na sa rana. Zan sauka Kano ranar goma ga Satumba in Allah ya yarda, in kwana, washegari in hau motar Malumfashi. Ki ce wa Kallamu ya tare ni a tasha da amalanken shanu, don na san hanyarmu da damina.

Ki gaya wa Inna tun yanzu, don kada ranta ya ɓaci a gaban mutane: ba zan sha ba, ba zan zuba wa Baba a ƙasa ba. Idan lokacin salla ya yi zan koma bayan rumbu in yi abata. Amma ni zan girka mata murhu, ni zan faso itacen, kuma zan zauna a tsakar gida tare da kowa har a watse. Ban san yadda dattawa za su dube ni ba bayan shekara tara, tsoro nake ji ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Tsiro ba ya son gaggawa, kada ta tsaya jiran ganina. Ki ce mata ta jiƙa dawa, ina tafe da tukunya.

Sai mun haɗu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Salihu