Baba da hoton zuciyarsa

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Tajaye lafiya lau, damina ta yi kyau.

Mun dawo daga Yamai da Baba. Lokotoro ya yi mishi eko, irin na'urar da ake duba masu ciki, muka ga zuciyarsa tana motsi a allo. Ya ce naman zuciyar yana da sauran ƙarfi, in an yi tiyata yanzu akwai kyakkyawan zaton zai murmure. In aka jira bayan girbi, naman na iya gajiya, aikin ya zo da wuya.

Ka san Baba. Ya ce gobe ta Allah ce, ba zai bar hatsinsa a tsaye saboda hoto ba. Raina ya ɓaci. Inna ce ta ce, "Malam, in an yi ruwan fari, ba kai ke tona ƙasa ka ga inda danshi ya kai kafin ka yi shuka ba? Gaibu ka sani?" Da safe ya ce a nemo mota a mai da shi Yamai a yi tiyatar.

Ku sa shi a addu'a, Yaya. Ka gaishe da mutanen gida.

Girbi Baba ya bar mini, amma ya hana ni zaɓen iri. Ya ce shi zai zaɓa in ya dawo.

Ƙanenka,
Habu