Mai Karɓar Kujeru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka, da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa sanyin can bai tayar maka da ciwon ƙafar nan ba. Mu nan kowa ƙalau, in ban da Inna. Idon ya tafi gaba ɗaya, Yaya, ko fitila ka haska mata ba ta sani, abinci ma sai da lallashi. Kunne ne dai yake nan ras. Kasuwa kuwa irin ta hutun ƙarshen shekara ce, masu shafa yadi sun fi masu saye yawa.

Maganar ƙanwarmu Auta ce ta sa na zauna rubutu, don ba na so ka fara jin ta daga bakinta tana kuka. Ka san taron da unguwa take yi duk hutu a filin makaranta, Musulmi da Kirista a ci abinci tare, liman ya yi addu'a, fasto ya yi, a cakuɗa kujeru don kada kowa ya maƙale wa nasa. To bana kwamitin ya ce zai karrama gidan da ya haɗa addini biyu ba rigima. Baffa kuwa, tun da Baba ya rasu ya gaje gidan wansa da iko, yanzu shugabancin kwamitin yake nema ido rufe. Sai ya tuna yana da 'ya da ta auri Kirista. Shi ɗin da ya rantse ba za ta sake taka gidan nan ba, har ya sa aka sauke hotonta daga bango! Ni ya aika. Na same ta a ɗakinsu bayan garejin mijin, na isar da saƙo, na ɗora mata da gaskiya: in ka ga mun zaro yadin da ya shekara a ƙasan tari muna kakkaɓewa, ba kewarsa muka yi ba, mai saye muka hango. Ta ce ni dama bakina bai taɓa faɗin alheri ba. Auta ke nan, tun tana ƙarama da murmushi ake raba ta da abin hannunta.

Da ka ga Baffa ranar taron, da ka rantse shi ya ɗaura auren. Ya kira Auta da mijinta kan dandamali, ya riƙe hannun bakaniken yana ce masa surukina, shi kuma bawan Allah ya goge farcensa har ya kusa jini don kada a ga baƙin mai. Baffa ya ɗaga 'yarsu sama ya ce jininsa ce, muryarsa har da rawa. Fasto ya share hawaye, liman yana gyaɗa kai, aka miƙa wa Baffa lambar yabo mai gilashi. Auta sai washe baki take tana raba abinci, tana kiran tsofaffin maƙwabta da sunayensu. Can ta roƙi izinin zuwa ganin Inna washegari. Baffa ya amsa ta cikin lasifika, wai gidan ubanta ne, wa ya isa ya hana ta. Aka yi ta tafi.

Da safe ta zo da yarinyar, da sabon bargo na Inna. Baffa ya tare ta a bakin ƙofa, ko gaisuwarta bai amsa ba. Ya ce taro ya tashi tun jiya, an naɗe rumfa, abin da aka faɗa a lasifika kuma na lasifika ne. Ta dinga roƙo, tana cewa ko leƙawa kawai ta yi. Ina ɗakin Inna ina taje mata kai, sai ta kama hannuna ta ce muryar wa take ji. Ga inuwar Baffa ta taso jikin taga, shagona kuma ka san a gininsa yake. Na ce mata mai karɓar kujerun hayar taron ce ta yi kuskuren gida. Kada ka ɗaure min fuska, Yaya. Daga inda kake jarumta ba wuya, ni ce nake kwana da shi unguwa ɗaya.

Da Baffa da matarsa suka tafi wani taron nuna lambarsu, na aika wa Auta ta zo, amma da sharaɗi: ba za ta buɗe baki ba, don Inna ba ta iya ɓoye abu a fuska. Ta yarda. Na shigar da ita a matsayin mai kujeru. Inna ta ce baƙuwar ta ba ta ruwa. Da ta miƙa kofin, Inna ta bar kofi ta kama wuyan hannunta, yatsunta suka tafi kai tsaye kan tabon ƙunar nan na yarinta. Ta daɗe a haka. Abin da ta ce kawai, aikin nan yana cin yarinyar mutane, ta rame da yawa, ta dawo gobe akwai sauran kujera ɗaya a gidan. Auta ta cusa gyale a baki har muka fita.

Wa kake tsammani ya tona? Matar fasto, da zuciya ɗaya. Ta tare Baffa a hanya tana taya shi murna, wai ta ga 'yarsa ta shiga gida, Allah ya ƙaro irinsa a unguwa. Ya yi mata godiya da fara'a, ya shigo ya sauya kwaɗon ƙofa, ya mai da zamansa bakin ƙofar, ya rataye lambar yabon saitin kansa. Ni bai gano hannuna ba tukuna. Inna kuma ta sa an ajiye mata kujera gefen gado, ba mai zama a kai, ba mai matsar da ita, wai mai ita tana zuwa. Da an taɓa ƙofa sai ta ɗaga kai. Tun ranar ba ta ci abin kirki ba.

Kai kaɗai Baffa yake shakka, don haka ka kira shi. Kada ka yi masa wa'azi, ya fi ka iya shi. Ka nuna masa kawai kana da lambar wayar fasto da ta liman, zai gane. Sunana kuma kada ya fito daga bakinka ko da wasa. In za ka yi, ka yi cikin makon nan, don yadda nake ganin Inna, ba ta da wani hutun a gaba.

Ka gaida Anti, da Babban Mutum da takwarar Inna. Goggo tana gaishe ka, maigidana ma haka. Inna ba ta ba da saƙo ba. Na tambaye ta, ta ce in yi shiru tana sauraren ƙofa.

Ƙanwarka,
Mai Yadi