Waɗanda Za Su Miƙe Tsaye

Zuwa ga 'yata Darlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mamanki, ya ƙafar Kaka? Ni lafiya lau nake a Koriya, ɗalibaina kuma akwai ƙoƙari. Abinci ne dai har yanzu muke kallon-kallo da shi, Lahadi kuma takan yi tsawo, amma ba komai.

Na ji za ki tsaya gaban majalisar gari don kada a mayar da filinmu na wasan ƙwallon besbol wurin ajiye motoci, kina tsoron a tambaye ki kofi nawa ƙungiyar garinmu ta taɓa ci. Ki ce ɗaya, ba kunya. Ƙaramar ƙungiya ce, duk ɗan wasan da ya goge manyan ƙungiyoyi ke ɗauke shi.

Tarihinta yana cikin gidajenmu. Tun ina yaro, kowace bazara Kaka kan sauki baƙon ɗan wasan ƙungiyar a ɗakin sama. Akwai Ramiro, da ya ƙi saukowa cin abinci ranar da ya jawo aka ci mu. Kaka ta ɗaga murya: "Kai, sarkin zubar da ƙwallo! Sauko, ko cokalin ma suɓuce maka zai yi?" Yau shi ke gyara motocin rabin garin.

Don haka ki roƙi duk wanda gidansu ya taɓa saukar ɗan wasa ya miƙe tsaye. Sannan ki yi shiru, ki dubi shugaban majalisar. Dole ya miƙe, don mahaifiyarsa ma ta taɓa saukar ɗan wasa.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Wendell