Marken da Ɗalibanka Suka Yi wa Tsirara

Zuwa ga Farfesa, shugaban masu binciken magani na jami'ar da ta turo mana ɗalibai Gangara,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ni ce Iya Dije, tsohuwar ungozoma a ƙasar Jibiya. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, sai ka yi haƙuri da rubutuna.

Na ɗaya. Bara bayan Sallar layya samari uku suka yi mini sallama da farar riga. Na ce to, mazajena sun iso, amma ko goro babu. Suka tambayi itacen da muke wanke gyambo da shi, na ce marke. Suka ce za su dafa ɓawon, su zuba ruwan cikin wani gishirin ƙarfe, su ƙona, a samu gari mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa, mai kashe ƙwayoyin cuta. Na yi dariya, na ce ashe har ƙarfe ya fara shan jiƙo. Amma raina ya yi fari, domin ɗiyata Hadiza ruɓewar ɗinki ce ta kashe ta bayan tiyatar haihuwa.

Na biyu. A nan, mai sassaƙe gefen gabas da na yamma kaɗai yake ɗiba, ya shafe wurin da laka, itace ya warke. Yaranka sun zaɓi babban marken bakin maƙabarta, suka feɗe shi zagaye, buhu biyu. Kafin damina ya bushe. Masu gawayi suka sare shi, suka tone har saiwa, ruwa ya baje wurin.

Na uku. Ranka ya daɗe, Hadiza a gindin marken nan take. Mu mata ba mu shiga maƙabarta. Daga hanyar Magama nake tsayawa in hango shi, in yi mata addu'a, in ba ta labarin 'ya'yanta. Yanzu in na tsaya, fili ne fetal, ban san inda zan ajiye idona ba. Waɗanda suka binne ta, wasu sun bi ta, wasu sun tsallaka Maraɗi. Ina yawan mafarkinta tsaye a rana, kanta ba ɗankwali, tana waige-waige.

Roƙona: ka hana a sake yi wa itace haka. In garin maganin ya yi aiki, a fara da ɗakin haihuwa. Sannan an ce wayoyin yaranka sun riƙe daidai inda suka tsaya ranar da suka feɗe marken. Ka turo mini mazajena su kafa dutse a wurin. Na riga na yi wa 'ya'yana wasiyya a sa ni kusa da ita, kuma ƙafafuna sun fara kumburi.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa maganinka ya warkar da 'ya'yan wasu.

Wassalam.
Iya Dije, Gangara