Na Ɗiga Jan Fenti a Gefen da Ba Shi Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, na jawo wa kaina magana!

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, kuma mijin yayata ne ya tsaya mini har na samu aikin. Shi malami ne a can. Wata huɗu ya yi yana haɗa wani ɗan lu'ulu'u a cikin murhun lantarki, abin da girmansa bai wuce kan ashana ba. Abin mamakinsa shi ne, in aka kara masa maganaɗisu sai jerin ƙwayoyin cikinsa ya ɗan gusa, cajin lantarkinsa kuma ya juya. Amma ya danganta da gefen da ya fuskanci maganaɗisun, shi ya sa Malam ya ɗiga jan fenti a gefe guda.

To, ranar awo ya kuɓuce mini daga hantsaki ya faɗi kan tebur. Na goge shi da sifirit, ashe har da fentin na goge. Kunya ta hana ni tambaya, na yi canke na sake ɗigawa. Wallahi na ɗauka daidai ne! Sai sakamako ya fito irin wanda ba a taɓa gani ba ta wannan gefen. Malam har da tsalle, mutumin da ko dariya sai an roƙa. Ya sayi sabuwar kwat, yayata ta cika dangi da labari. Shekaranjiya na duba tsohon hoton dutsen lu'ulu'un, na ga ba nan ɗigon yake ba. Saura kwana goma ya gabatar da aikin a gaban manyan masana. In na faɗa, ina tsoron aikina da fuskar yayata. In na yi shiru kuma, haka zai je ya gabatar da kuskure. Yaya zan yi?

Mai Rawar Hannu

Ƙanwata Mai Rawar Hannu,

Sannu. Na ga inda tsoronki yake, kuma ba na raina shi. Mutum ya yi miki hanya, ke kuma za ki je ki kashe masa murna, ba daɗi. Sai dai ki duba ɗaya ɓangaren. Waɗancan masanan ba tafi suke zuwa yi ba. Wani zai koma ya maimaita awon, ya ga ba haka ba, kuma sunan Malam za a kira, ba naki ba.

Faɗuwar dutse tsautsayi ne, kowa na yi. Cankar ce kuskurenki, shirun da za ki yi daga yau kuma shi ne zai zama laifi.

Gobe da safe ki same shi a ofis, shi kaɗai, da hoton a hannunki. Kada ki bi ta wajen yayarki, maganar aiki ce. Ki faɗa a taƙaice, ban da kuka, ki nemi a sake awon a satin nan ko da za ki rasa hutunki. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. Aikinki kuwa, ban ce ba abin da zai taɓa shi ba, amma mai hankali ba ya sakin ma'aikaciyar da ta kamo kuskurenta da kanta.

Gara ya ji daga bakinki a ɗaki, da ya ji daga bakin baƙo a gaban taro. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tasa.

Anti